Waifai, Faiba, Anlimited: Me Ake Sayar Mana Da Waɗannan Sunaye?

Magidancin da ya yi niyyar sa intanet a gidansa, a Kano ne ko Kaduna ko Sakkwato, da tambaya ɗaya yakan shiga kasuwa: nawa ne waifai? Mai shago ba zai tsaya gyara masa tambayar ba. Zai faɗi farashi, a yi ciniki, a miƙa kwali. Kafin wata ya ƙare sai ka ji ana cewa na'urar ba ta da kyau, ko yara ne suka shanye datar, ko kamfanin ne ya ci amana. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa mutumin ya dawo gida da abin da ba shi ya je nema ba, domin sunan da ya kira daban, abin da aka ba shi daban. A ganina kaso mai tsoka na kuɗin da gidajenmu ke ɓararwa a wannan harka tun daga sunaye yake zirarewa, kuma ya kamata a zauna a bi su a hankali.

Wanda ya girme su duka shi ne waya. Kalmar Turanci ce ta zaren ƙarfe, ta shigo bakinmu tare da tangarahu a farkon ƙarni na 20, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ke kafa turaku tana jan igiya daga Lakwaja zuwa Zungeru har Kano. Legas kuwa tun 1886 aka haɗa ta da Landan ta ƙarƙashin teku. Daga wancan zamani muka gaji gidan waya, wanda muke kira haka ko da wasiƙa kaɗai muka je aikawa, da falwaya, da kuma buga waya, wanda asalinsa aika saƙon tangarahu ne. Da aka zo da na'urar da ke kai saƙo ba tare da igiya ba, magabatanmu suka ce mata wayar iska. Sun bar waya a matsayin sunan saƙon da ke tafiya nesa, suka ƙara iska don a san ta inda ya biyo. Wannan ita ce ɗabi'ar da muka yar, kuma ita ce ta fi amfani ga mai saye a yau: sunan abu ya faɗi hanyar da abin ya bi.

Tarho ya zo ya zauna a ofisoshi da gidajen masu hali. Ba a ce masa wayar girke ba sai da salula ta iso, aka buƙaci a raba tsakanin wadda aka girke a kan tebur da ta tafi-da-gidanka. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ke riƙe da layukan ƙasar, kuma duk wanda ya manyanta zai tuna 064 na Kano da 062 na Kaduna. Sai dai kafin 2001 layukan da ke aiki a Najeriya kusan 400,000 ne kacal, a ƙasa mai mutane sama da miliyan 100. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Cikin ƴan shekaru igiyoyin jan ƙarfe suka zama kufai, wasu aka sace, wasu ƙasa ta cinye. A tsakiyar wannan ne sunan ya fara rabuwa da abin: kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links suka cika shaguna da akwatin tarho na tebur mai ɗan eriya a gefe, mutane suna kiransa layin ƙasa alhali ko taku ɗaya na igiya ba ya da shi a cikin ƙasa.

Wannan tarihi shi ya sa batun samun intanet a gida ba tare da wayar girke ba yake da ma'ana daban a nan da kuma Turai. A Ingila kusan kowane gida yana da igiyar tarho tun tuni, kuma a kanta aka ɗora intanet. Don haka mutum zai biya kuɗin intanet, sannan ya biya hayar layi a wata-wata ko da bai taɓa ɗaga kan tarhon ba. Ana tallata farashi mai sauƙi da manyan baƙaƙe, a ɓoye hayar layin a ƙasa, har sai da hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta tilasta a haɗa su farashi ɗaya a 2016. A Amurka da Ostareliya, intanet ɗin da aka cire wa tarho har suna aka yi masa mai nufin tsirara, wato igiya ce ba murya a kanta. Yanzu Ingila na shirin kashe tsohon tsarin tarhonta baki ɗaya, an ɗage wa'adin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Su fafutukarsu ita ce su rabu da igiyar da suka gada. Mu ba mu gaji igiyar ba. Abin da ya rage mana shi ne iska, da zaren gilashi inda ya iso, da tauraron ɗan'adam, kuma duk sunayen da ke kasuwa a kan ɗaya daga cikin ukun nan suke zaune.

Sunan da hukuma da kamfanoni suka fi so shi ne burodband. Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo da asuba ya san rabin kalmar tun kafin ya ji ta. Idan mai gabatarwa ya ce za a same su a gajeren zango, a kan mita 16 da 19 da 25, zangon nan shi ne band, wato yankin da aka yanka a cikin igiyoyin sadarwa aka ba wani aiki. Muryar mutum a tarho ɗan siririn yanki take ci, bai wuce kilohaz 4 ba. Injiniyoyi suka lura cewa igiyar na iya ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba, sai suka buɗe sauran filin da ke sama suka ɗora bayanai. Faffaɗan zango ke nan, kuma da haka muka kira shi tun farko da an huta.

Sai dai faɗin ba shi da ma'auni ɗaya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ta daɗe tana lissafa duk abin da ya kai kilobit 256 a daƙiƙa a matsayin burodband. Amurka ta sa nata mizanin a megabit 25 a 2015, ta ɗaga shi zuwa 100 a 2024. Shirin Najeriya na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya yi burin megabit 25 a birane da 10 a karkara, da kuma kai kashi 70 cikin 100 na jama'a. A 2024 alƙaluman hukumar NCC ba su kai kashi 50 ba, kuma mafi yawan abin da ake ƙirgawa layukan salula ne masu 3G da 4G. Saboda haka idan an ce maka abu burodband ne, ba a yi maka alkawarin komai ba tukuna. Layin da ke cikin aljihunka ma haka ake kiransa a takardun gwamnati.

Yanzu mu dawo kan waifai, inda aka fi yin ɓatan kai. Wi-Fi sunan kasuwanci ne da wata ƙungiyar kamfanoni ta sa aka ƙirƙira mata a 1999, don sunan fasahar na asali, 802.11, ba ya shiga kunne. Aikinsa ɗaya ne: ya ɗauki abin da ya iso cikin gida ya rarraba wa wayoyi da kwamfuta da talabijin a tsakanin ƴan ɗakuna. Ba ya kawo komai daga waje. Kamar kan famfo ne a tsakar gida, ko na zinariya ne, idan bututun da ya taho daga titi ba ruwa, ko ɗigo ba za ka gani ba. Shi ya sa za ka ga alamar waifai ta cika taf a fuskar waya amma saƙo ya ƙi fita. Alamar tana ba ka labarin tazarar da ke tsakaninka da akwatin da ke falo ne kawai.

Akwatin shi ne rauta. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu suna da ramin sa layi a baya ko a ƙasa, wato wayar salula ce babba da ba a kira da ita, tana jan sabis daga hasumiyar unguwa kamar kowace waya. Ƙaramin da ke shiga aljihu, mai batir a ciki, shi ne maifai, wanda shi ma sunan kaya ne na wani kamfanin Amurka, Novatel, da ya fito da shi a 2009, sai sunan ya bi duk wani mai kama da shi. Idan kuma ɗanka ya ce ka kunna masa hotsifot, wayarka ce ta koma rauta na ɗan lokaci. Duka ukun hanya ɗaya suke bi. Bambancinsu ƙarfin eriya ne da yawan mutanen da za su iya hawa. Wanda wayarsa ba ta samun sabis mai kyau a cikin ɗaki, ya san cewa rauta mai layin kamfani ɗaya daga hasumiya ɗaya zai sha, sai dai ya fi wayar iya kamawa idan an ajiye shi a taga ko an ɗaura masa eriya a saman rufi.

Akwai wani ruɗani da ke cin kuɗin mutane a ɓoye. Ka kunna sabon rauta, sai ka ga sunaye biyu sun fito, ɗaya ya ƙare da 5G. Mai gida ya yi murna ya samu sabuwar fasaha a farashi mai sauƙi. Ba ita ba ce. Wannan 5G ɗin gigahaz 5 ne, ɗaya daga cikin zangunan waifai biyu na cikin gida. Ɗayan shi ne 2.4, wanda ya fi ratsa bango ya kai ɗakin baya, shi kuma na 5 ya fi gudu idan kana kusa. 5G na gaske, wato zamani na biyar na sadarwar salula, an yi gwanjon lasisinsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel a 2023. Har yanzu a wasu unguwannin manyan birane kaɗai ake samunsa. Wanda ya sayi rauta mai 5G na gaske alhali hasumiyar unguwarsa 4G ce, 4G zai sha, ya biya kuɗin abin da bai iso ƙofarsa ba.

Kalmar da ta fi ɓata mini rai ita ce anlimited. Ga irin hirar da ake ji kullum a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano:

"Alhaji, ɗauki wannan, anlimited ne, ba ya ƙarewa."

"Sam ba ya ƙarewa?"

"Sai dai wata ya cika ka sabunta."

"To ɗan samari, karanta mini wannan ƙaramin rubutun na ƙasa, idona ba ya gani."

Sai yaron shago ya kanne ido ya karanta, ya ce ai an rubuta cewa bayan gig kaza gudun zai ragu. Shi kansa ba ƙarya ya yi niyya ba, abin da ke jikin fosta ya maimaita. Ƙaramin rubutun shi ake kira ƙa'idar amfani bisa adalci. Ma'anarta ita ce akwai iyaka, sai dai idan ka kai ta ba a yanke ka, ana rage maka gudu ne har ya zama saƙon WhatsApp zai wuce amma bidiyo ba zai motsa ba. Ban ga laifin sa iyaka ba, domin hasumiya ɗaya ce ɗaruruwan mutane ke rabawa, kuma in ba a taka wa wasu birki ba za su hana kowa. Laifin shi ne kiran abu marar iyaka alhali an san yana da ita. Da Hausa aka rubuta fostar, aka sa "ba ya ƙarewa" a sama da "yana ƙarewa a gig kaza" a ƙasa, da kowa ya gane rainin hankalin nan take. Baƙuwar kalmar ce ke rufa masa asiri.

Rabon hasumiyar nan shi ne kuma bayanin abin da kowane gida ke gani. Da hantsi, yara na makaranta, manya na kasuwa, komai na tafiya sumul. Bayan sallar isha'i, unguwa ta dawo gida, kowa ya jingina da wayarsa, sai ƴar da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Uwargida ta ɗauki rautan daga kan firji ta kai taga, ta juya shi gabas ta juya shi yamma, fitilarsa na nan yadda take, karatun da ɗiyarta ke saukewa ya tsaya a rabi. Na'urar lafiyarta ƙalau. Adadin da aka rubuta a kwali, wanda ake gabatar da shi da "har zuwa", shi ne iyakar abin da za ta iya idan ita kaɗai ce a kan hasumiyar.

Shi ma adadin yana da tarko. Gudu da megabit ake auna shi, data kuma da megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Layin da aka ce yana da 20 yana sauke megabait 2.5 ne a daƙiƙa, wato fim mai gig 1 zai ci kusan minti 7 idan hanya a buɗe take. Kallon bidiyo na awa guda kan ci kusan gig 1, mai tsabtar hoto sosai har gig 3. Gidan da ke da talabijin mai intanet da matasa uku zai iya lissafa wa kansa kwana nawa gig 100 za ta yi.

Faiba ita ce hanyar da ta cancanci a ce ta gaji wayar girke, don ita ma igiya ce da ake ja har cikin gida, sai dai ta gilashi ce, siririya kamar gashi, haske ke gudu a cikinta. Ba ta damu da cunkoson hasumiya ba, kuma a nan ne anlimited ya fi kusa da gaskiya. Ita ce ta haɗa ƙasar da duniya: igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google kuma ya sauka a Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin igiyoyin nan suka katse a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, har bankuna suka tsaya cak, kowa ya gane cewa abin da muke ɗauka iska ne a ƙarƙashin ruwa yake tafiya. Matsalarmu a Arewa ita ce nisan da ke tsakanin bakin teku da ƙofar gida. Jihohi kan karɓi kuɗin izinin haƙa gefen titi. An amince a kan naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama sun yi ta karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe gaba ɗaya. Ga masu aikin titi da ke tsinka igiyar da katafila, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Ko sunan faiba sai an bincika. A Ingila an shafe shekaru ana sayar da ita alhali gilashin a akwatin bakin titi ya tsaya, jan ƙarfe ne ya ƙarasa gida, har hukumar Ofcom ta umarci kamfanoni daga Satumbar 2024 su riƙa bayyana wa mai saye ko cikakkiya ce ko rabi. A nan ma za a iya ce maka faiba, ka ga an zo an kafa maka ɗan faranti a saman rufi yana kallon wata hasumiya. Wannan rediyo ne ya ƙarasa tafiyar. Yana iya yin kyau ƙwarai, amma a kira shi da sunansa, a kuma yi masa farashinsa.

Na tauraron ɗan'adam ba ya buƙatar dogon bayani, don sunansa ya faɗi hanyarsa. Tsofaffin taurari, irin NigComSat-1R da aka harba a 2011, suna nesa da kusan kilomita 36,000, shi ya sa saƙo ke jinkiri. Na Starlink kusan kilomita 550 suke, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Ga asibitin ƙauye ko makarantar da ba hasumiya kusa, babu kamarsa. Amma a 2024 kayan kafa shi sun haura naira 400,000, kuɗin wata kuma 38,000, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000.

Wannan ya kawo mu ga araha, wadda ita ma an yi mata ma'auni. Mizanin da hukumar burodband ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne kada kuɗin intanet na matakin farko ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata. Shirin Najeriya ya yi burin gig 1 ta sauko naira 390, sai ga shi a Janairun 2025 an amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50, saboda tsadar dizal da faɗuwar naira. Araha ta gaskiya a gida ba ta tsaya a farashin fosta ba. Akwai kuɗin akwatin, da na batir ko sola da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta, da datar da za a ƙara saye a mako na uku. Gidan da mutum biyu ne masu saƙo da kira, hotsifot na waya ya ishe su, sayen rauta asara ce. Gida mai yawa, rauta mai babban kunshin wata ya fi kowa ya riƙa sayen gig ɗai-ɗai. Inda faiba ta iso layinku, ita ce ta fi sauƙi idan aka raba kuɗin da yawan abin da ake sha.

Ina roƙon masu fassara tallace-tallace a gidajen rediyonmu su daina wuce waɗannan kalmomi yadda suka zo. In kamfani ya ce anlimited, a faɗa wa mai sauraro da Hausa a gig nawa gudu ke raguwa, kuma NCC ta wajabta hakan kamar yadda Ofcom ta yi da faiba. Kai kuma mai karatu, kafin ka zaro kuɗi, ka tambayi mai shago ta wace hanya abin zai iso gidanka, ta hasumiya, ta igiya, ko ta tauraro. Ka ari rautan maƙwabci ko ka sa layin kamfanin a wayarka, ka gwada a cikin ɗakinka bayan isha'i, ba da hantsi ba. Idan kuma an sayar maka da abin da ya saɓa wa abin da aka rubuta, ka fara kai ƙara ga kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su gyara ba, ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne.